Allurar da Ba Ta Motsa Ba

Akwai wani malamin kwalejin fasaha da aka ba shi zuwa yammacin wata Laraba ya ce e ko a'a. An zaɓe shi ya tafi ƙarin karatu na shekara guda a wata ƙasa, irin damar da ya daɗe yana nema har ya fara cire rai. Shugaban sashensu ya gaya masa cewa idan aka tashi aiki bai ji daga gare shi ba, zai ba wani.

Ɗalibai suna kiransa Malam Sifili, amma a bayan idonsa. Ba ya bari a fara gwaji sai an tsayar da allurar ma'auni a kan sifili, ba ya kuma karɓar sakamako sai an sauke kaya an ga allurar ta koma inda ta fara. Mutum ne mai yarda da abin da aka auna. In ɗalibi ya ce masa, "Malam, ina ganin kamar...", sai ya katse shi ya ce, "Kamar ba lamba ba ce."

Abu ɗaya ne ya hana shi amsawa tun ranar farko, wato mahaifinsu. Tun bara waccan ɓarin jikin Baba na hagu ya shanye. Ba ya tashi sai an tashe shi, maganarsa kuma sai wanda ya saba yake gane ta. Yana zaune ne a gidan babbar 'yarsa, yayar Malam, wadda take sana'ar ɗinki. Mijinta direban babbar mota ne, ya fi kwana a hanya. 'Ya'yanta sun girma sun watse. Su biyu kaɗai Baba ya haifa. Idan Malam ya tafi, Yaya ce za ta rage ita kaɗai.

Shi dai a wurinsa lissafin mai sauƙi ne. Idan Yaya tana iya riƙe Baba, zai tafi. Idan ba ta iyawa, zai zauna. Abin da ya rage kawai a auna.

Ranar Larabar da safe, yana sa takalmi ya kira ta a waya.

"Yaya, ina kwana. Ya jikin Baba?"

"Da sauƙi, Auta. Ya yaran?"

Haka take kiransa, duk da furfurar da ta fito masa. Ita ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, don haka babu digirin da zai cire masa wannan sunan a bakinta.

"Ke fa? Lafiya dai ko?"

"Lafiya lau. Ka ba su amsa kuwa? Kada ka tsaya jan ƙafa su ba wani mai ƙaramin kai."

"Ko in biyo ta nan kafin in wuce?"

"Ka zo ka yi me? Baba barci yake. Jeka wurin aikinka."

Ta kashe wayar.

Matarsa tana tsaye da kofin shayi a hannu, ta ji komai. Ta ce, "Abban yara, muryar Yaya ba ta yi mini ba. Kwana biyun nan da an fara magana sai ta yanke. Yaushe rabonka da ka shiga ɗakin nan ka zauna?"

Ya ce, "Na tambaye ta sau uku a makon nan. Sau uku amsa ɗaya. A wurinmu in ka auna sau uku ka sami abu ɗaya, an gama magana."

"To ai ni ba a wurinku nake ba," in ji ta, ta miƙa masa shayin.

Ya fita da niyyar yana gama darasin safe ya wuce ofishin shugaban sashe ya ce e.

Darasin ranar a ɗakin gwaji ne, dogon ɗaki mai ƙanshin man inji, da tebura na ƙarfe a jere. Gwajin kuwa na sandar ɗauri ne, irin ƙarfen da ake sawa a rufin manyan gine-gine don ya riƙe ɓangarori biyu kada su ware. Aikinta ɗaukar ja. A ɗakin gwaji akwai ƙaramarta, siririya, tsawonta bai fi hannun mutum ba, an rataye ta a tsaye cikin firam, wato ƙarfen da ke riƙe da ita. Sama da ƙasa tana da 'yan kunnuwa masu huda. Huda ɗaya tana daidai tsakiyar sandar, sauran suna gefe.

In aka rataya nauyi ta hudar tsakiya, sandar miƙewa kawai take yi, ido ma ba ya gani. In aka mayar da wannan nauyin hudar gefe, ba tare da an ƙara masa komai ba, sai ta lanƙwasa, cikinta ya turo wajen da nauyin yake. Lanƙwasar ba ta da yawa, sai da agogon awo ake kama ta. Shi agogon yana da fuska da allura, da wani ɗan tsinke mai nutsewa ya dawo, da ake jingina wa tsakiyar sandar. Duk motsin da sandar ta yi, tsinken ya bi, allurar ta nuna.

Malam ya raba ɗaliban, ya zagaya yana duba su. A tebur na ƙarshe akwai wani mai yawan surutu da 'yan ajin suke kira Farfesa, da abokinsa Dogo mai ɗora nauyi, da wata ɗaliba mai gilashi wadda take rubutawa. Tun daga nesa Farfesa yake ɗaga hannu.

"Malam, mu fa mun gama. Ƙarfenmu namiji ne, ko gezau bai yi ba!"

"Me kuka samu?"

"Sifili, Malam. Muka ƙara nauyi, sifili. Muka sake ƙarawa, sifili. Sau uku muka maimaita."

Dogo ya ce, "Ni har kafaɗata ta gaji da ɗora duwatsun nan, ita allurar tana kallona kamar na ci mata bashi."

Mai gilashi ta ce a hankali, "Ni dai na ce musu akwai matsala."

"Ke kullum akwai matsala," in ji Farfesa. "Malam da kansa ya ce lamba ake kawowa. Ga lamba."

Malam ya matso kusa da teburin. Ya duba hudar da suka rataya nauyin, ta dama ce. Ya duba agogon, a hagu suka kafa shi. Ya yagi gefen wata takarda, ya sunkuya, ya zura ta tsakanin bakin tsinken da jikin sandar. Takardar ta wuce salin-alin, ba ta taɓa komai ba.

Ya ce, "Ku matso. Farfesa, me ka gani?"

Ɗaliban suka dubi juna, don ba su san ya san sunan ba.

"Takarda ta wuce, Malam."

"Wato tsinken bai taɓa sandar ba. Da kuka kafa shi, kun dai goga bakinsa a jikinta kuka ƙyale. Nauyin yana dama. Ina sanda take karkata?"

Mai gilashi ta ce, "Wajen nauyin."

"Wajen nauyin. Ba ta gudunsa, binsa take yi. Ita ta tafi dama, agogonku yana hagu a tsaye, ta bar shi a iska. Shi ya sa ake danna tsinken ya shiga ciki tun kafin a ɗora komai, don in sandar ta ja baya ya sami abin bin ta da shi."

Ya sa Dogo ya sauke nauyin duka. Ya matso da agogon har tsinken ya nutse, ya juya fuskarsa zuwa sifili, ya ɗan ƙwanƙwasa firam ɗin da farce don allurar ta zauna. Dogo ya ɗora dutse na farko. Allurar ta tafi. Ya ɗora na biyu, ta ƙara tafiya. A na ƙarshe sai da ta zagaye fuskar agogon ta wuce.

"Kai!" in ji Farfesa. "Ashe tun ɗazu wahala take sha."

Malam ya miƙe yana kakkaɓe hannu, ya ɗaga murya don sauran tebura su ji.

"Ku riƙe wannan. Sifili iri biyu ne. Akwai na sandar da ba ta lanƙwasa ba, akwai na agogon da ya daina taɓa sandar. A fuskar agogo kamarsu ɗaya. Ko sau ɗari ka maimaita, in ba ka taɓa abin da kake aunawa ba..."

Bai ƙarasa ba. Ɗaliban suna jira da biro a hannu. Shi kuwa takardar da ke tsakanin yatsunsa yake kallo. Ya tuna yadda Yaya ta kashe wayar da safe tun kafin ya yi sallama. Ya nemi ranar ƙarshe da ya shiga ɗakin Baba ya zauna, ya ga duk zuwansa na baya-bayan nan a ƙofar gida yake ƙarewa. Yaya takan fito ta karɓi maganin da ya kawo ta cikin labule, ta ce Baba barci yake.

Ya ce da mai gilashi, "Ku sauke ɗaya bayan ɗaya, ku rubuta. In kun gama ku duba ko ta koma sifili." Ya kira mai kula da ɗakin ya tsaya da su, ya ɗauki makullin motarsa.

Wannan karon bai kira ba.

Ƙofar gidan Yaya a tura take. Ya yi sallama, ƙarar famfo ta danne muryarsa. A falo ya ga keken ɗinkin Yaya an lulluɓe shi da zane, an jera kwalaben magani a kai. Wasu yadudduka da aka yanka suna ninke a gefe, alamar allin da aka yi musu har ta dusashe. Ya tsaya a bakin ɗakin Baba, labulen a ɗage yake kaɗan.

Ɗakin ƙarami ne, gadon a manne da bango yake. Ta gefe ɗaya kawai ake iya zuwa wa mai kwanciya. Yaya ta ba ƙofa baya. Ta sunkuya ta cusa kafaɗarta ta dama ƙarƙashin hammatar Baba, ta zagayo da hannu ta kama ƙugunsa, ta tsaya tana tara numfashi. Sannan ta ɗaga. Wani ɗan sauti ya fita daga bakinta, ta haɗiye shi. Ta juya da shi ta zaunar a kujerar da ke kusa.

Abin da ya fi tsaya wa Malam a rai shi ne abin da ya biyo baya. Ta saki Baba, nauyin ya sauka, amma ba ta miƙe ba. Ta tafi ɗauko tawul a haka, kafaɗar dama a ƙasa, ƙugu a karkace, tana dafa bango. Idonsa ya gwada ta da katakon taga ba tare da ya sa shi ba. Wannan ba ya bukatar agogo.

Ya sake sallama.

Ta juyo a firgice, ta yi ƙoƙarin miƙewa sak. Ta riƙe hakan na ɗan lokaci, fuskarta tana murmushi, goshinta yana tsattsafo da gumi.

"Auta! Da rana tsaka? Korar ka suka yi?"

"Yaya, zauna."

"A gidana kake ba ni kujera?"

"Don Allah zauna."

Ta zauna a bakin gadon, jikin ya koma yadda ya saba. Malam ya durƙusa ya gaida Baba, ya riƙe hannunsa mai lafiya. Ya ga leɓɓansa a bushe, har sun tsage.

"Tun yaushe bayanki yake haka?"

"Wane baya? Kwanciya ce na yi ba daidai ba."

"Keken ɗinkin ma kwanciya ya yi ba daidai ba?"

Ta kau da kai. Can ta ce, "Ka tambaye ni ko lafiya, na ce lafiya. Ƙarya na yi? Muna ci muna sha, ba wanda ya mutu. Ai ba ka tambaye ni ko ina iya taka keke ba."

"Da na tambaya za ki faɗa?"

"Da na ce Baba yana kira, in kashe waya." Ta yi 'yar dariya, dariyar ta taɓa mata baya, ta daina. "Auta, tun kana rarrafe kake kwance rediyon mutane kana son ganin mai magana a ciki. Yanzu an ce ka je inda ake koyar da abin gaba ɗaya, ni kuma in tsaya maka a hanya? Shekara ɗaya ce. Zan iya."

"Ba za ki iya ba."

Nan ya yi kuskure, ya kuma gani a idonta.

"Kai ne za ka gaya mini? Ni na goye ka, ɗan nema. Ban gaji da ubana ba, kuma ba wanda zai ce na gaji da shi. In kana son taimako, ka yi masa magana ya riƙa shan ruwa. Shi ne kawai damuwata. Kofi guda sai ya wuni bai shanye ba. Likita ya yi faɗa, na yi lallashi, na yi fushi, a banza."

Malam ya ɗauki kofin da ke kan tebur, ya kai bakin Baba. Tsohon ya damƙe leɓɓansa, ya juya kai.

"Baba, me ya sa?"

Baba ya daɗe yana haɗa kalmomin. Da suka fito a tauye suke, amma 'ya'yansa biyu sun gane su.

"In na sha... sai ta ɗaga ni."

Famfon da aka bari a buɗe yana ta zuba a bokiti. Yaya ta sa bakin mayafinta ta rufe fuska. Ashe duk ɗagawar da take yi, tsohon yana jin sautin da take haɗiyewa, kunnensa yana daidai wuyanta. Ba shi da hannun da zai taimake ta da shi, sai ya rage mata zuwa bayi da ƙishirwarsa.

Baba ya ɗaga hannunsa mai lafiya, ya dafa kan ɗansa.

"Auta... ɗauke ni."

Malam ya dubi yayarsa. Wannan karon ya auna maganarsa kafin ya sake ta.

"Yaya, ban ce kin gaji ba. Amma uban nan namu ne mu biyu, ke kuma kin cinye rabona kin haɗa da naki. Ki ba ni nawa."

Ta share ido ta ce, "Ji ɗan rainin hankali. Tafiyar fa?"

Ya fito tsakar gida, ya kashe famfon, ya kira shugaban sashe.

"Ranka ya daɗe, a ba wani."

"Malam, ka yi tunani kuwa? Ka san ba lallai ta sake zagayowa ba."

"Na sani."

Ya daɗe a tsaye da wayar a hannu. Abin ya yi masa ciwo, kuma bai yi wa kansa ƙaryar cewa bai yi ba. Sannan ya kira matarsa. Bai gama bayani ba ta ce, "Ɗakin littattafanka za a kwashe, shi ne kusa da bayi. Na riga na gwada faɗin ƙofar tun watan jiya, kujerarsa za ta shiga."

"Kin gwada?"

"Ba ku kaɗai kuka iya awo ba."

A ɗakin da aka gyara, Malam bai bari gadon ya taɓa bango ba. Ya ja shi tsakiya, ya bar hanya dama da hagu. Ya kafa doka a gidan: ba mai ɗaga Baba shi kaɗai, sai mutum biyu, kowa da gefensa. Da safe shi da matarsa, da rana ita da wata ma'aikaciyar jinya da suka samu. Wanda aka ba gurbin tafiyar ya tafi, yana turo hotuna a zauren hirar malaman sashen na waya. Malam yakan duba, ya sa masa albarka, ya ajiye wayar.

Yaya kuwa aka haɗa ta da likitan gashin ƙashi. Ya ce da ta ƙara wasu watanni a haka, da sai an yi mata aiki. A hankali ta daina dafa bango. Aka sauke kwalabe daga kan keken, maƙwabta suka sake jin ƙararsa.

Wata Asabar da hantsi ta zo duba Baba, sanye da sabuwar riga ɗinkin hannunta. Ta tsaya a bakin ƙofar ɗakin tana gaisawa da matar gidan. Malam yana zaune a ciki, idonsa ya tafi kan kafaɗunta, ya gwada su da katakon ƙofar. Daidai suke.

Ta kama shi yana kallo.

"Malamin awo, me ka samu?"

"Sifili," in ji shi, yana murmushi.

"To agogonka ya sake yin ƙarya." Ta kama hannunsa ta ɗora a kafaɗarta ta dama. Ya ji laushin auduga a ƙarƙashin yadin. "Ni na cusa ta. Kaurin yatsa ɗaya ya rage, likita ya ce wannan ya zauna ke nan. Na ce masa ba komai, tela ce ni."

Malam bai janye hannunsa da wuri ba. Ya san sunan wannan a ɗakin gwaji: lanƙwasar da ba ta komawa ko an sauke kaya, don an daɗe ba a duba ba.

Baba ya yi gyaran murya, alamar yana son tashi. Yaya ta nufi gadon da sauri, ta sunkuya za ta cusa kafaɗa kamar yadda ta saba. Tsohon ya tare ta da tafin hannu. Ya nuna mata gefe ɗaya, ya nuna wa ɗansa ɗayan.

Suka kama shi tare, suka zaunar da shi. Ba a ji sautin kowa ba.

Matar gidan ta kawo ruwa. Baba ya karɓa da hannunsa, ya shanye tas, ya miƙo kofin a ƙara masa.

Darasi: "Lafiya lau" da aka faɗa maka a waya ba awo ba ne. A gidaje da yawa akwai mutum ɗaya da aka jingina wa nauyin kowa ta gefe guda, kuma mai haƙuri wajen nauyin yake karkata, yana nisa da masu tambaya. Kada ka jira ya yi ƙara. Ka je da ƙafarka, ka shiga ɗakin, ka zauna, ka kama ɗaya gefen tun lanƙwasar tana iya komawa. Ku tura wannan labarin ga 'yan uwanku, musamman waɗanda suka daɗe suna tambaya daga nesa.